Babur marar sarƙa

Kai mai karatu, ka taɓa ganin babur wanda ba shi da sarƙa? Ni ina da guda. Gadon kawuna ne. Shi kuma ya saye shi hannun wani Bature, cikin waɗanda suke ƙetaro Sahara ta Arlit da Agadas, su saida abin hawansu, su koma gida cikin jirgi. BMW ne, ƙirar Jamus, kuma ya girme ni. Tun 1923 kamfanin nan yake ƙera babur hakanan. Irinsa ne suka ci tseren Paris-Dakar a 1981, 1983, 1984 da 1985.

A wurin sarƙa, wata sandar ƙarfe ce take kwance cikin bututu. Makanikai suna ce mata kardan. Ita ke ɗauko ƙarfin inji ta kai shi baya. Can gindin tayar baya akwai wani ƙoƙon ƙarfe, ana ce masa pon. Cikinsa akwai ƙarafa biyu masu haƙora, ƙarami da babba. Ƙaramin yana tura babban, babban yana juya taya. Dukansu cikin mai suke wanka, man da bai kai rabin lita ba.

Ni dai alfahari nike da wanga babur. Abokan aikina kullum suna fama da sarƙa: yau ta saki, gobe rairayi ya cinye ta. Ni kuwa sai in wuce su ina dariya. Man inji kaɗai nike juyewa. Pon ban taɓa buɗe shi ba, shekara da shekaru. Tunda bai yi kuka ba, na ɗauka lafiya lau yake.

Wata damina na ratsa Gulbin Maraɗi, ruwa har ya rufe cibiyar taya. Na fita lafiya, na manta. Da rani ya yi muka buɗe ajin yaƙi da jahilci a wani ƙauye wajen Madarunfa. Ran nan ina kan hanya, alli da littattafai ɗaure a baya, sai na ji gurnani daga tayar baya. In na ƙara wuta ya ƙaru. Na tsaya na taɓa pon, zafi kamar tukunya. Tura babur na yi har bakin titi. Mata talatin sun bar dakansu sun zauna jirana, ban zo ba. Wannan ya fi yi mini ciwo, don wanda ya fara koyon baƙi da girma, in ka yaudare shi sau ɗaya, da wuya ya komo.

Wani tsohon makanike ya kwance kusar ƙasa. Abin da ya zubo ba mai ba ne, kamar kunun gyaɗa yake. Ya dube ni ya ce: «Malam, kai da kake koya wa mutane karatu, ba ka karanta wannan ba?» Na ce: «Baba, a ina aka rubuta?» Ya nuna mini wata ƴar hula bisa pon, inda yake numfashi. Pon mai zafi in ya nutse cikin ruwan sanyi, iskar cikinsa takan ƙanƙance, sai ya zuƙo ruwa ta nan. Wata shida ruwan yana ciki, tsatsa ta ci boris. Sati uku muna neman wani, ni kuwa ina zuwa aji bisa keken aro.

To, ga abin da tsohon ya koya mini, kai ma ka riƙe.

Ka ɗan zagaya da babur tukuna, man ya yi ɗumi, ya fi saurin zubowa. Ka kafa shi tsaye bisa ƙafar tsakiya. Fara kwance kusar sama, ta wurin zuba mai. Kada ka fara da ta ƙasa. In ka zubar da man, sa'annan ta sama ta ƙi buɗuwa, ina za ka? Sai ka kwance ta ƙasa, ka tara kwano. Dubi man da kyau. In baƙi ne, ya tsufa kawai. In fari ne, ruwa ya shiga. Kusar ƙasa sau da yawa tana da maganaɗisu. In ka ga laushin ƙarfe kamar kwalli, ba komi. In ka ga ɓarɓashi mai ƙyalli da ake ji a yatsa, haƙora ko boris sun fara ci, maza wurin makanike.

Man da za ka zuba ba man inji ba ne. Mai ne mai kauri, mai warin ƙibiritu. Ka karanta jikin galan da kanka, ka ga an rubuta 80W-90 da GL-5. Nan ma karatu ya yi rana, don mai shago abin da ke gare shi zai miƙo maka. Ka sa sabon zoben kusa, ka ɗaure ba da ƙarfin tsiya ba, jikin pon sanholo ne, yana lalacewa. Ka zuba har man ya kawo gindin ramin sama, ka tsaya. In ya yi yawa sai ya ɓullo ta hular numfashi, ko ya tsiyaya bisa birki, birki kuwa da mai ba ya kamawa.

Akwai kuma ƙananan haƙora inda taya take shiga jikin pon. Waɗannan man ciki ba ya kai musu. Duk ran da ka cire taya don faci, ka goge su tas, ka shafa baƙin giris kaɗan. In ka maida tayar, ka kama ta da hannu biyu ka girgiza hagu da dama. Bai kamata ta motsa ba.

Yanzu duk shekara, da an gama yankan hatsi, nakan juye man pon kafin a buɗe aji. In kuwa na shiga ruwa mai zurfi, ba ni jiran kaka, washegari nike buɗe shi in duba.