Wane Ne "An"?

A wani shagon walda da ke Dutse akwai wani dattijo wanda ya kwashe shekaru yana furta jimla biyu kusan kullum, watau "an kawo wuta" da "an ɗauke wuta". Masana nahawu sun ce wannan "an" ɓoye aikau take yi. Dattijon bai taɓa damuwa da haka ba sai a watan Oktoba na 1924 da ɗari, watau 2024, lokacin da manyan layukan da ke kawo lantarki Arewa suka lalace, ciki har da na Shiroro zuwa Kaduna, aka yi kwana da kwanaki cikin duhu. Ƙofofin da aka ba shi aiki suka yi ta jira, kuɗin man janareto ya cinye riba. Ran nan yaronsa ya dube shi ya ce, "Maigida, wai shin wane ne mai ɗaukewar nan?" Dattijo ya yi shiru, don kuwa bai sani ba.

Amsar tana da nisa. Wutar da ke isa Dutse daga madatsun ruwa irin su Kainji da Jebba da Shiroro take tasowa, da kuma tashoshin iskar gas na Kudu. Takan bi manyan layuka zuwa Kumbotso ta Kano, a rage ƙarfinta, sa'an nan a turo ta gabas, kamfanin KEDCO ya rarraba wa gidaje. Amma akalar duka tana can Osogbo, a cibiyar da ke sa ido kan layukan ƙasa baki ɗaya. Dalili kuwa shi ne, lantarki ba hatsi ba ne da za a zuba a rumbu. Abin da ake sha dole ya yi daidai da abin da ake samarwa a kowace daƙiƙa, bugunsa ya tsaya a kan 50. In ma'aunin ya karkace ƙwarai, sai injuna su kashe kansu, ƙasa ta faɗa duhu.

Suna dai ya sha canzawa. An kafa NEPA a 1972, ta koma PHCN a 2005, aka sayar da kamfanonin rarrabawa a 2013. Duk da haka mai walda na Dutse bai matso kusa da akalar ko da taku ɗaya ba.

To, yanzu wata ƙofa ta buɗe. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara harkar wutarsu da kansu. Jigawa kuwa Allah ya hore mata rana. Gari kamar Kiyawa ko Jahun yana iya samun 'yar tasharsa ta hasken rana da batura, wadda za ta jingina da babban layi in yana da lafiya, ta tsaya da ƙafarta in ya faɗi. Sai dai fa yawan tashoshi yawan aiki ne. Rana takan faɗi, hazo kan rufe ta, saboda haka daidaita ma'aunin zai bukaci na'urori masu auna layi daga nesa, da mutanen da suka iya karanta su. In ba a horar da 'ya'yan jiha ba, akalar za ta bar Osogbo ne kurum ta koma hannun wani baƙon, alhali kuwa kowa ya hau dokin aro bai san ranar sauka ba.

Wannan ne ya sa da wuta ta dawo, dattijon ya kira yaron ya ce, "Walda ka iya ta. Yanzu koma makaranta ka koyo inda wutar take fitowa." Burinsa shi ne wata rana in wuta ta ɗauke a Dutse, a san sunan wanda za a tambaya, kuma a same shi a cikin gari. Allah ya sa a dace.