Shirun da Na Ɗauka Haƙuri Ne

Lokacin da jini ke jika, ba na ɓoye faɗa. In raina ya ɓaci, har maƙwabta sai sun ji. A 2019 na cika shekara 35 ina aikin gwamnati, na yi ritaya, na dawo dakalin ƙofar gida da rediyo da carbi. Muryata ta yi ƙasa, mutane suka fara cewa Malam ya zama dattijo. Yabon ya yi mini daɗi, ban musa ba.

Alhali ban daina fushi ba, haɗiye shi na koma yi. Da ƙanena ya sayar da wani yanki na gonarmu ta gado a Dawakin Kudu ba da sanina ba, ko uffan ban ce ba. Ƙafa kawai na ɗauke daga gidansa. In mun haɗu wurin jana'iza, mu gaisa da bakin yatsu, kowa ya kama gabansa. Shekara biyu muna haka, ni da nake yi wa yara faɗa cewa gaba ba ta wuce kwana uku tsakanin Musulmi. Da dare kuwa in kwanta ina shari'a da shi a zuci, ni ne mai ƙara, ni ne alƙali, har kiran assalatu.

Ciwon ƙeya ya kai ni asibiti. Ma'aikaciyar jinya, sa'ar 'yata, ta auna jinina, ta dube ni, ta sake aunawa: 170 bisa 100. Ta ce, "Baba, daga 140 bisa 90 muke kiransa hawan jini. Me ke damunka?" Na ce tsadar rayuwa. Lokacin an cire tallafin mai, kowa ma kukan da yake yi ke nan. Uwargida ce ba ta yarda ba. Muna fitowa ta ce, "Malam, da wannan shirun naka, gara faɗanka na da."

Ranar Juma'a bayan la'asar na sayi goro na nufi gidan ƙanena, cikina fal da maganganun da na daɗe ina tanadi. Na tarar da shi a zaure kan tabarma, ya rame, furfurarsa ta fi tawa. Kusa da butarsa ga kwalin amlodipine, maganin hawan jini irin wanda ke aljihuna.

Ya ce, "Yaya, kai ne?"

Na ce, "Miligiram nawa suka ba ka?"

Ya ce biyar. Na ce ni goma.

Maganar gona sai bayan magariba muka taɓo ta, kuma har yau ba mu gama ba.