Fim Ya Sa Ta Ɗauko Kayan Kiɗan Kakarta

Akwatin ya daɗe a ƙarƙashin gado yana shan ƙura. Na kakarta ne, kuma tun da tsohuwar ta rasu babu wanda ya sake buɗe shi, domin duk gidan ba mai iya kaɗa abin da ke ciki. Ita kuwa budurwar, mai aiki a wani kanti a wani ƙaramin gari na jihar Fensilbeniya a Amurka, ko sunan abin ba ta damu da sani ba, sai a 2005 da ta shiga sinima kallon fim ɗin Walk the Line.

Wanda ya kalli fim ɗin zai tuna cewa tarihin mawaƙi Johnny Cash ne da matarsa June Carter, wanda James Mangold ya ba da umarni. Joaquin Phoenix ne ya fito a matsayin Johnny, jaruma Reese Witherspoon kuma ta fito a June. To a nan ne budurwar ta ga jarumar rungume da wani abin kiɗa a ƙirji kamar mai rungume da jariri. Gabanta ya faɗi, domin kuwa irin na kakarta ne sak.

Sunan abin otohaf. Akwatin katako ne mai faɗi, galibi da tsirkiya 36, an gitta masa sanduna 15 ko 21 masu maɓalli. Ƙarƙashin kowace sanda an manna ƙyalle mai kauri. Idan ka danna maɓalli, ƙyallen zai danne tsirkiyoyin da ba a so, ya bar waɗanda sautinsu ya dace da juna, sai kawai ka shafa da ɗaya hannun. Wani Bajamushe mazaunin Filadelfiya, Charles Zimmermann, ya yi rajistar wani kayan kiɗa da wannan suna a 1882. Mahaifiyar June, wato Maybelle Carter, tana cikin waɗanda suka sa ya shahara, musamman salon nan na rungume shi a tsaye maimakon shimfiɗa shi a kan tebur.

Budurwar ta ɗauka abin banza ne: danna, shafa, shi ke nan. Ta kulle ɗaki wata uku tana fama ita kaɗai, a kunnenta kuma ta zama gwana. Ranar da ta kaɗa wa ƙanenta, sai yaron ya tambaye ta ko abin ya lalace ne. Allah Sarki! Saura kaɗan ta mayar da shi ƙarƙashin gado.

Abin da ya hana ta shi ne wata takarda da ta gani a ɗakin karatu na garinsu, ana sanar da taron masu koyon otohaf duk yammacin Asabar. Sau biyu tana zuwa bakin ƙofar tana juyawa saboda kunya. A na uku ta daure ta shiga. Ta tarar da kujeru an yi da'ira, yawancin mutanen sun haife ta, wasu ma sun yi jika da ita.

Rabin awa na farko ba a kaɗa komai ba. Wani dattijo ya karɓi nata, ya shafa sau ɗaya, ya yi murmushi ya ce, "'Yata, yaushe rabon a saita wannan?" Ashe tsirkiyoyin duk sun saki tun zamanin kaka. Ya miƙa mata ɗan sifana da na'urar auna sauti, ya zauna kusa da ita har ta bi su 36 ɗin ɗaya bayan ɗaya. Wata uku ke nan tana kiɗa da abin da ba a saita ba, ba ta sani ba, don ba wanda za ta gwada da shi.

Daga nan aka shiga darasi. Malamar ajin ta zaɓi waƙa mai maɓalli uku kacal, G da C da D7, ta rage mata gudu ƙwarai. Ba ta tsayar da kowa don ya yi kuskure, sai dai ta ɗaga yatsu ta nuna maɓallin da za a koma. Nan budurwar ta gano laifinta na biyu: kullum sai kowa ya sauya sannan ita ta sauya. A ɗaki ita kaɗai, idan ta makara waƙar jiranta take yi. A cikin mutum goma sha, wallahi ba mai jiran ka. Matar da ke gefenta ta raɗa mata cewa ta riƙa danna sandar da ƙarfi, in ba haka ba sautin zai cakuɗe, ta kuma ara mata farcen roba na babban yatsa.

Irin wannan zama shi ne makarantar otohaf a Amurka. Mafi suna shi ne Mountain Laurel Autoharp Gathering, wanda George Orthey, mai ƙera otohaf, da matarsa Mary Lou suka fara a 1991 a garin Newport na Fensilbeniya. A bikin Walnut Valley da ke Winfield ta jihar Kansas kuma aka saba yin gasar gwanaye. A wuraren nan gwani da ɗan koyo kujera ɗaya suke zama.

Ita ma Reese ba ta tsira daga wannan wahala ba. Watanni ta yi tana koyon waƙa da otohaf kafin a fara ɗaukar fim, kuma muryar da ake ji a ciki tata ce, ba ta wata aka ɗora mata ba. A 2006 ta karɓi kyautar Oscar ta gwarzuwar jaruma. 'Yan wasanmu da ke motsa baki a kan muryar mawaƙan sutudiyo, akwai abin dubawa a nan.

Budurwar dai ba ta ci gasa ba, ba ta kuma shiga fim ba. Bayan kusan shekara guda, a wani taron dangi, ta kaɗa waƙar da kakarta ta fi so, mahaifiyarta ta tashi ta shige kicin tana share hawaye. Asabar ɗin da ta biyo baya wani yaro ya tsaya a bakin ƙofar ajin da akwati a hannu yana leƙe. Ita ce ta tashi ta jawo masa kujera, ta tambaye shi yaushe rabon a saita nasa.