Kare da Ƙishirwar Bazara

Duk wanda ya taɓa yin watan Afrilu a Sakkwato ya san abin da ake ce da shi zafi. Tun daga Maris har ruwan farko ya sauka, ma'aunin zafi yakan wuce digiri 40 da tsakar rana. Gulbin Rima yakan ja baya, famfo kuwa a waɗansu unguwanni sai ya yi kwanaki bai ɗiga ba, dole a sayi jarka wurin 'yan garuwa. A irin wannan lokaci uwargida takan lissafta ruwa kamar yadda take lissafta kuɗin cefane: na sha, na girki, na wankan yara, na wanke-wanke. Amma akwai wani ɗan gida da akan manta da shi cikin lissafin nan, shi ne kare.

Mu ma muna da namu, baƙi ne, yara suka sa masa suna Duna. Da rana yana ɗaure ƙarƙashin darbejiya, gama ba kowane baƙo ke son kare ya matso kusa da shi ba. Da yamma a sake shi ya yi gadi. Wata rana da la'asar ya yi ta guje-guje da yara, ya dawo yana haki, ya kafa kai cikin kaskonsa, bai ɗaga ba sai da ya ga ƙasan kaskon. Ya yi taku uku ke nan, sai ga ruwan nan duka ya dawo ta bakinsa. Autanmu ya sheƙo yana cewa, "Baba, Duna yana amai!" Wata dattijuwa maƙwabciyarmu da ta shigo gaisuwa ta ce, "Maigida, ku raba yaran nan da shi, kada dai hauka ce ta kama shi." Muka ce, "To, Iya, mun gode," muka janye yara, muka zuba masa ido. Shi kuwa gogan ya kaɗa wutsiya, ya koma wurin kasko yana neman ƙari.

Ruwa ba ya tsami banza. Mutum in ya ji zafi sai gumi ya karyo masa ta ko'ina, jikinsa ya huce. Kare ba haka yake ba, guminsa kaɗan ne ƙwarai, a tafin ƙafa. Shi da haki yake fifita jikinsa, watau ruwan harshensa da na maƙogwaronsa ke bin iska su tafi da zafin. Don haka kare mai haki yana ɓarnar ruwan jikinsa ko da yana kwance. Lafiyayyen kare mai nauyin kilo 20 yana bukatar wajen lita 1 ko fiye a yini, da bazara kuwa abin yakan ninka.

Ga kuma yadda yake sha. Kare ba shi da cikakken kumatu irin namu, ba ya iya zuƙar ruwa. A shekarar 2015 masana a jami'ar Virginia Tech ta Amurka suka ɗauki hoton karnuka suna sha, suka nuna yadda kare ke lanƙwasa harshe baya, ya doki ruwa, ya fizge da sauri, ruwan ya biyo harshen sama, ya cafke shi. In ƙishirwa ta yi yawa, yakan haɗiye ruwa da iska tare, fiye da abin da hanyar abinci da tumbi za su iya karɓa a lokaci guda. Abin da ya rasa wuri sai ya komo.

Ya kamata mu san bambancin wannan da amai na ainihi. In ruwa ne kurum ya komo, yakan zubo nan take bayan sha, garau, ba yunƙuri, ba kakari, kare kuma ya ci gaba da harkarsa. Amai kuwa yakan zo da lasar baki da zubar miyau, a ga cikin yana motsi da ƙarfi, abin da ya fito kuma akwai abinci ko kumallo rawaya a ciki.

Waɗansu in sun ga kare ya mayar da ruwa sai su ce ruwan ne ya yi masa yawa, su rage masa. Wannan ƙara wa wuta itace ne, gama karen da ya yini da ƙishirwa shi ne zai sha da haɗama. Wanda ruwa ke gabansa kullum yakan lasa kaɗan ya koma ya kwanta. Abin da muke yi a gidanmu ke nan: kasko mai nauyi wanda ba zai kife ba, a inuwa, inda tsawon sarƙa ya kai. Muna lura kuma, inuwar safe ba ita ce ta azahar ba. In ya dawo daga gudu, mukan bar shi hakin ya lafa tukuna, sa'an nan a ba shi cikin gwangwanin madara ɗaya ko biyu, a dakata kamar minti 10, a ƙara. Babban dutse mai tsabta a tsakiyar kasko shi ma yana rage masa gaggawa.

Amma akwai lokacin da ba a jira. In ruwa yana komowa kullum ko da ya sha a hankali, ko ana ganin jini, ko ya soma tari da zazzaɓi, to, wataƙila hanyar abincinsa ce ba lafiya, ko ruwa ya sarƙe shi ya shiga huhu. In ɗan kwikwiyo ne yana amai da zawo, yini guda ya isa ya tafi da shi. In cikin kare ya kumbura kamar ganga, yana kakari ba abin da ke fitowa, mai yiwuwa tumbinsa ne ya murɗe. Wannan ya fi samun manyan karnuka masu zurfin ƙirji irin su Alseshan, yana kuwa kisa cikin 'yan sa'o'i. In kuma yana tangaɗi, harshe ya yi ja wur, zafi ne ya buge shi: a kai shi inuwa, a jiƙa shi da ruwan randa, a garzaya da shi wurin likita. Mu a Sakkwato ba mu da hujjar zama, gama Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da asibitin koyarwa na dabbobi.

Maganar Iya ma ba abin yasarwa ba ce. Mahaukacin kare halinsa yakan sake, mai wasa ya koma cizo, ko mai faɗa ya yi laƙwas. Muƙamuƙinsa yakan saki, miyau na dalala, haɗiya ta gagare shi. Kada kowa ya sa masa hannu a baki wai ƙashi ne ya maƙale. In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa har minti 15, a tafi asibiti ran nan, domin da zarar alamun ciwon sun bayyana a jikin mutum, da wuya ƙwarai ya tashi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom kusa da Jos, wadda ta soma aiki a 1924, tana yin allurar rigakafin karnuka, ana kuma tunawa da yaƙi da ciwon nan a duniya kowace shekara ran 28 ga Satumba. Wanda ya yi wa karensa allura kowace shekara, in an ce hauka ce, yana da takardar da zai nuna wa maƙwabta.

Ya ku iyaye, kare ɗaurarre ba ya iya zuwa gulbi, ba ya iya buɗe randa, ba shi da bakin roƙo. Mu da muke barci shi yana gadi, mu ne ke da alhakin ruwansa. Ku ɗora wa ɗaya daga cikin yaranku aikin duba kasko da safe, da azahar, da yamma, ya wanke shi ya cika. In kuma 'yan garuwa sun kawo jarka ana rabo, a fitar da na kare tun da fari.