Na kira su 'yan zaman kashe wando

Na daɗe ina faɗin wata magana a majalisarmu ta Na'ibawa, kusa da 'Yan Katako, ina kuwa jin daɗin faɗinta: wai 'yan kwana-kwanan filin jirgin Malam Aminu Kano 'yan zaman kashe wando ne. Da zarar an ce wuta ta kama wata masana'anta a Sharada ko Challawa, sai in ce ga ƙarti can da dirka-dirkan motoci suna jiran albashi, a rage su a turo mana cikin gari. Ban yi musu adalci ba.

Wani dattijo da ya yi ritaya daga aikin ne ya ja ni gefe, bai so ya kunyata ni a gaban jama'a ba. Ya ce, "Ɗana, minti uku aka ba mu." Ƙa'idar hukumar kula da zirga-zirgar jiragen sama ta duniya, ICAO, ke nan: daga bugun ƙararrawa zuwa isar mota ko'ina a titin jirgi, kada a wuce haka. Wutar man jirgi kuma ruwa zalla ba ya kashe ta, sai da kumfa. Motar ba ta tuƙa kanta. Akwai direba, da masu riƙe mesa, da masu kutsawa cikin hayaƙi su ciro mutane, dare da rana, wasu na sauka wasu na karɓa. Abin da ya fi kashe min jiki shi ne, filayen jirgi matakai ne daga 1 zuwa 10, gwargwadon tsawo da faɗin jiragen da ke sauka. In motoci ko ma'aikata suka gaza, a sauke matakin. Wato da an bi shawarata, manyan jiragen alhazai sai su nemi wani garin.

Kuma Bakano ne ya fi kowa rashin uzurin mantuwa. Ranar 22 ga Janairun 1973, jirgi ƙirar Boeing 707 da ya ɗauko alhazai daga Jidda, wanda Legas ya nufa aka karkato shi, ya kama da wuta wajen sauka a nan Kano. Cikin mutum 202, 176 suka rasu. Allah Ya jiƙansu.

Na koma majalisa na janye maganata a inda na faɗe ta. Kukan ƙarancin motoci a Sharada, Challawa da Bompai yana nan, amma gwamnatin jiha za mu kai wa. Na filin jirgi a bar su a bakin aikinsu.