Iyakar Asirin Mallaka a Teburin Wasa

A wasan Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974, 'yan wasa kan kewaye tebur, kowa yana magana da yawun gwarzonsa. Bugun 2014 ya tanadi asiran juya hankali, amma kowanne da takunkuminsa.

Charm Person kan sa mutum ya ɗauki matsafi aboki na awa guda, kuma da zarar ya karye zai gane an yi masa asiri. Suggestion kan kai awa takwas, sai dai dole umarnin ya yi kama da hankali: ba a sa mutum ya daɓa wa kansa wuƙa. Dominate Person, mafi kusa da abin da Bahaushe ke kira mallaka, minti guda ne a matakin farko, kuma duk raunin da aka ji wa wanda aka mallake yakan ba shi damar kuɓuta.

Dalilin takunkumin yana wajen mutanen da ke zaune. Ɗan wasa ba shi da jari a tebur sai zaɓinsa. In aka ƙwace shi tsawon dare, ya zama ɗan kallo, kuma da wuya ya dawo mako mai zuwa.