Ƙugiyar da Ta Ɓace a Nima

A unguwar Nima ta birnin Akra akwai wani malamin Hausa da ya ɗauki muryar wata tsohuwa 'yar Maamobi, wadda ta yi ƙuruciyarta a Kano, tana furta kalmomi ɗaya bayan ɗaya. Hausar zangon Gana ta daɗe da haɗe ƙ da k, ɗ da d, ɓ da b a bakin mutane da yawa. Shi kuwa so yake ɗalibansa su ji bambancin da kunnensu kafin su gamu da shi a littafi.

Ya raɗa wa kowane fayil sunan kalmar da ke cikinsa, har da alamar karin sauti, sannan ya rubuta 'yar manhaja da Python domin ta kunna sautin. Da ya kwafo fayilolin daga wata tsohuwar Mac, sai manhajar ta ce ba ta ga gàri ba, alhali ga shi nan. Dalili shi ne Unicode na rubuta à ta hanya biyu: ko dai harafi guda, U+00E0, ko kuma a tare da U+0300 a bayanta. Ido ba ya rarrabe su, kwamfuta kuwa tana ɗaukar su sunaye biyu daban.

Cikin gaggawa ya ɗauki dabarar da ake yi wa Faransanci, wato a kankare alamomi a bar haruffan ASCII, wanda duk alamominsa 128 ne. Amma ƙugiyar ƙ, U+0199, jikin harafin ce, ba a raba su. Saboda haka harafin ya faɗi gaba ɗaya, ƙafa ta koma afa. Da ya musanya ƙ da k, sai ƙafa ta hau kan kafa, ƙarya ta shafe karya. Allah ya sa tsohuwar tana raye, domin sai da ya koma Maamobi ya ce, "Inna, a yi haƙuri, a sake mini waɗannan."

Daga nan ya canza tsari. Fayilolin sauti suka sami lambobi, 0001, 0002, har ƙarshe. Kalmomin kuwa, da ƙugiyoyinsu da karin sautinsu da tsawon wasalinsu, suka koma cikin jadawali guda da aka adana a UTF-8. Duk rubutun da za a kwatanta, manhajar kan daidaita shi zuwa NFC tukuna.

Bai ɗauki Hausar Nima gurguwa ba, ita ce yaren da ya tashi da shi. Abin da ya tsorata shi shi ne na'urar ta goge bambancin nan a ɓoye, a daidai wurin da ɗalibansa ba za su lura an yi asara ba. Yanzu kafin ya taɓa kowane suna, yakan kunna ƙafa da kafa a jere, ya saurara.